Pro Football Reference: shafin da zai nuna maka hanyar da Thielen ya bi, amma ba zai nuna maka Thielen na gaba ba

Duk ƙarshen Afrilu in an gama diraf na NFL, wato zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i da ƙungiyoyin babbar gasar ƙwallon Amurka ke yi, zagaye bakwai, ƙungiyoyi 32, an kira sunan yara ɗari biyu da hamsin da 'yan kai, to a daren nan ne wayar wakilan 'yan wasa ke fara ɗaukar zafi, sbd ragowar yaran da ba a kira ba kowace ƙungiya tana rububinsu a araha. Kuma cikin ragowar nan babu waɗanda ake yi wa surutu kamar risiba, wato masu gudu su cafe jifan kwatabak, jagoran hari mai jefa ƙwallo. Kafin watan Agusta ya ƙare zaka ga magoya bayan kowace ƙungiya sun samo wani yaro guda sun ɗora masa rawani, wai shi ne Adam Thielen na gaba, shi ne Victor Cruz na gaba, risiba biyu da diraf ya tsallake amma daga baya suka zama taurari, an saka bidiyon sakan goma ya cafe ƙwallo da hannu ɗaya a atisaye shikenan magana ta ƙare. Ni dai in hayaniyar nan ta taso wuri ɗaya nake fara leƙawa, Pro Football Reference, kuma shi nake so in yi wa hisabi yau, akan wannan aikin kaɗai: shin yana taimakon mutum ya gane ko yaron da diraf ya tsallake zai kai labari ko a'a.

Ga wanda bai san shi ba, rumbun alƙaluma ne na ƙwallon Amurka, yana ƙarƙashin kamfanin Sports Reference, su ne masu irinsa na kwando da na besbol da kuma FBref da 'yan ƙwallon ƙafa suka fi sani. Wani malamin lissafi Doug Drinen ne ya fara shi. Kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba, ka rubuta sunan ɗan wasa kawai shafinsa ya buɗe, tsayinsa, nauyinsa, makarantar da ya yi, sannan tebur bayan tebur na duk abin da ya yi a fili shekara bayan shekara. Babu kwalliya ko kaɗan, fari da layuka da lambobi, wanda ya saba da shafuka masu hoto da bidiyo zai ce wannan ai takardar sakamakon jarrabawa ce.

Abu na farko da ya burge ni ƙarami ne sosai. In ka buɗe jerin 'yan wasan wata ƙungiya na wata shekara, can ƙarshen teburin ta dama akwai layin da ke faɗin wace ƙungiya ta zaɓi mutum, a zagaye na nawa, a wace shekara. Wanda ba a zaɓa ba gurbinsa fayau yake, babu komai. To kana danna kan layin sai teburin ya jera kansa, duk masu gurbi fayau su taru wuri ɗaya, nan take ka ga mutum nawa ne a ƙungiyar suka shigo ta taga. Haka ma a shafin ɗan wasa, can sama inda ake rubuta bayanin diraf, in layin babu to ka gane. Wlh da wannan 'yar dabarar kaɗai sai ka kwana kana yawo daga ƙungiya zuwa ƙungiya.

Amma inda shafin ya fi min amfani shi ne tarihi, domin yana kashe tatsuniya. Mutane suna ba da labarin Thielen kamar ya faɗo daga sama ne ya fara cin yadi dubu, je ka buɗe shafinsa ka gani. Yaron ya fito daga Minnesota State da ke Mankato, makaranta ta rukuni na biyu, ko gwajin kombain na Indianapolis, inda ake auna gudu da tsallen yara kafin diraf, ba a gayyace shi ba, Vikings suka ɗauke shi a 2013 bayan gwaji, kuma shekarar nan kaf babu layinta a teburin sbd a tawagar atisaye ya ƙare ta. 2014 ya cafe ƙwallo 8, yadi 137. 2015 ya cafe 12, yadi 144. Ka ji fa, shekara uku cur mutum yana cikin gida, cafewa ashirin. Sai 2016 ya tashi 69 da yadi 967, 2017 ya yi 91 da 1,276, 2018 ya yi 113 da 1,373, shekarar da ya buɗe kaka da wasa takwas a jere kowanne sama da yadi ɗari. Tambayar da ya kamata mai hankali ya yi ita ce me ya hana a kore shi a shekarun nan na fari, tunda ƙungiya mutum 53 kawai take riƙewa daga cikin 90 ɗin da ke shiga sansani, kuma risiba biyar ne ko shida ke samun kujera. Amsar tana nan a shafin, ka gangara ƙasa wajen teburin da ke ƙirga sau nawa mutum ya shiga fili, wanda suka fara ajiyewa daga 2012. An raba shi uku, hari, tsaro, da sifeshal tim, wato rukunin da ke fita lokacin bugun tazara da dawo da ƙwallo. A 2014 da 2015 kason Thielen na sifeshal tim ya yi wa na hari nisa, ma'ana abincinsa a lokacin shi ne gudu ya je ya tare mai dawo da ƙwallo, aikin da manyan risiba ba sa taɓawa. A 2014 ɗin har ya toshe bugun Panthers ya ɗauka ya kai tacdawun da kansa, wato ya shiga da ita ƙarshen fili ya ci maki.

Wannan teburin ni a wurina shi ne kuɗin shafin gaba ɗaya, duk da ba kuɗi ake biya ba. In yaro bai da diraf kuma ka ga sifili a sifeshal tim, sannan a hari ma sau uku ko huɗu yake shiga a wasa, to ka rage zumuɗi, irinsa ne ake sallama da zarar wani ya dawo daga jinya. In kuwa ka ga koci yana saka shi a bugun tazara duk mako, to an yarda da shi ya sa kayan wasa ranar Lahadi, kuma wanda ke sanye da kaya shi ake tura wa fili in wani ya ji ciwo.

Wes Welker ma haka labarin yake, har ya fi. Ya fito daga Texas Tech a 2004, gajere, ƙafa biyar da inci tara, ba a gayyace shi kombain ba, Chargers suka ɗauke shi suka sallame shi bayan wasa ɗaya, Dolphins suka tsince shi. Ka duba layin 2004 wajen cafewa, babu ko ɗaya. Amma ka sauka teburin dawo da bugu sai ka ga lambobi sun cika, shi ne mai dawo musu da ƙwallo, har akwai wasan da mai bugunsu ya ji ciwo shi ya buga musu da ƙafa a karawa da Patriots. 2005 ya cafe 29, 2006 ya cafe 67, sai Patriots ɗin nan suka ba da zaɓin zagaye na biyu da na bakwai suka karɓe shi a 2007, ya cafe 112 a shekarar, 123 a 2009, 122 a 2011, ya ƙare da 903 gaba ɗaya. Rod Smith na Broncos kuwa daga Missouri Southern ya fito, ya shiga 1994 ya zauna a tawagar atisaye, ya ƙare da cafewa 849 da yadi 11,389 da kofin Super Bowl biyu. Miles Austin na Cowboys ya shigo 2006 daga Monmouth, sai a 2009 aka fara saka shi a sahun farko, ranar kuma ya zuba wa Chiefs yadi 250. In ka jera shafukan nan huɗu gefe da gefe sai ka ga zane ɗaya, shekara biyu ko uku na shiru, aikin wahala, sannan dama ta zo.

Tabbas akwai waɗanda ba su jira ba. Doug Baldwin ya fito daga Stanford a 2011, shekarar da rikicin ƙungiyar 'yan wasa da masu ƙungiyoyi ya hana a sa hannu da irinsu sai ƙarshen Yuli, amma duk da haka ya cafe 51 da yadi 788 ya fi kowa a Seahawks tun shekararsa ta farko. Rashid Shaheed na Weber State, wanda ciwon gwiwa ya taimaka wajen faɗuwarsa daga diraf na 2022, taɓa ƙwallonsa na farko a rigar Saints gudu ne na yadi 44 har tacdawun, cafewarsa ta farko kuma yadi 53 ita ma tacdawun. Amma shafin zai nuna maka irin waɗannan tsiraru ne, kuma ko Shaheed ɗin lambar yabo ta All-Pro da ya samu a 2023 ta dawo da bugu ce.

Toh yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk abin da na faɗa a sama bayan an gama wasa ne. Ainihin lokacin da kake buƙatar taimako shi ne daga Mayu zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da yaron bai taɓa buga wasan gaske ba, kuma a daidai nan shafin makaho ne. Ba ya ajiye alƙaluman 'yan wasa na wasannin share fage, alhali rayuwar wanda ba a zaɓa ba kacokan a wasanni ukun nan take, tunda daga 2021 aka rage su daga huɗu. Ka ɗauki Victor Cruz. Abin da ya hana Giants korarsa a 2010 wasan share fage ne da Jets a watan Agusta, cafewa 6, yadi 145, tacdawun 3 a dare ɗaya. Je ka shafinsa ka nemi daren nan, babu shi. Abin da zaka gani layin 2010 ne, wasa uku, cafewa babu, sai kwatsam 2011 cafewa 82 da yadi 1,536, kamar aljani ne ya taɓa shi a hutu. Jakobi Meyers ma haka, a share fagen 2019 ya fi kowa yadi a gasar gaba ɗaya, da haka ya samu kujera a Patriots, amma shafin daga Satumba ya fara saninsa.

Wani zai ce ai alƙaluman share fage ma yaudara ce, kuma da gaskiyarsa, yaro yana cin yadi ne a kan masu tsaro na layi na uku waɗanda su ma mako mai zuwa za a sallame su, kuma duk shekara akwai gwanin Agusta da ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Na yarda. Amma da babu gara ba daɗi, ko ba komai ina so in san da wa aka saka shi, da manya a kwata ta farko ko da 'yan cike gurbi a kwata ta huɗu, domin wannan kaɗai yana faɗa maka inda koci ya ajiye shi a ransa.

Makanta ta biyu ita ce makaranta. Shafin yana da ɗan'uwa na ƙwallon jami'o'i, kuma akwai mahaɗi daga shafin ɗan wasa zuwa can, yana da kyau matuƙa in yaron ya fito daga manyan makarantu, zaka iya lissafa kashi nawa na yadin ƙungiyarsu ya ci shi kaɗai, wanda a ganina ya fi jimillar yadi ma'ana, domin yadi 800 a ƙungiyar da ba ta jifa ya fi 1,000 a wadda jifa ne abincinta. Matsalar ita ce babban rukuni kaɗai yake ɗauka. Su kuwa mutanenmu daga ina suke fitowa? Thielen da Rod Smith rukuni na biyu, Shaheed da Austin rukunin da ke ƙasa da babban, UMass ta Cruz ita ma a lokacinsa ba ta hau sama ba tukuna sai 2012. Wato rabin dalilin da ya sa ba a zaɓe su ba shi ne ƙaramar makaranta, kuma wannan dalilin ne dai ya sa shafin bai san su ba. Dole ka koma shafin makarantar da kanta ka tono.

Haka zancen kombain. Suna da teburin sakamakon kowace shekara, gudun yadi 40, tsalle, zagaye mazugi uku, duk zaka iya jerawa daga mafi sauri zuwa na ƙarshe. Meyers yana ciki da 4.63 ɗinsa, wato sakan 4.63 a gudun yadi 40, wanda ga risiba jinkiri ne, kuma kana gani ka san ɗaya daga dalilan da suka sa aka tsallake shi, ga shi asalinsa kwatabak ne a NC State daga baya aka mayar da shi risiba. Amma mutum ɗari uku da 'yan kai kawai ake gayyata, Welker da Cruz da Baldwin da Thielen duk babu wanda ya je. Lambobin irinsu a gwajin makaranta ake ɗauka, kuma don wannan gara ka nemi Relative Athletic Score na Kent Lee Platte, wanda ke haɗa girman jiki da gudu da tsalle ya ba da maki daga 0 zuwa 10.

Akwai kuma wata illa da ba laifin shafin ba ce amma tana cutar mai karatu in bai lura ba. Waɗanda suka tsira kaɗai kake gani. Duk Thielen ɗaya akwai tarin yara da suka shiga sansani da irin tsayinsa da irin gudunsa aka sallame su ƙarshen Agusta ba su taɓa taka fili a wasan gaske ba, ko ka samu sunansu babu lamba a ƙarƙashi. Kamar ka je gidan mai magani ne yana nuna maka waɗanda suka warke, waɗanda ba su warke ba ai ba sa dawowa su ba da shaida. Saboda haka in ka ɗauko yaronka ka kwatanta shi da Welker ka ce ai tsayinsu ɗaya, gudunsu ɗaya, to ka tuna gajerun da ba su zama Welker ba sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Da zarar yaro ya fara samun jifa a wasan gaske kuwa shafin ya dawo da ƙarfinsa. Suna ƙirga sau nawa aka nufe shi da jifa tun daga 1992, daga 2018 kuma suka ƙara teburin zurfi, nisan da ƙwallo ke yi a iska kafin ta iso shi, yadin da ya ƙara bayan ya cafe, ƙwallo nawa ta suɓuce daga hannunsa, mutum nawa ya kufce wa. Da waɗannan zaka bambance mai gudun dogon zango irin Shaheed da mai aikin tsakiya irin Meyers, wanda ya yi ta cafe ƙwallo tun 2019 amma tacdawun ɗinsa na farko na cafewa sai a 2021 ya zo, ya koma Raiders a 2023, ya haye yadi dubu a 2024. Abin da babu shi ne sau nawa ya fita neman jifa, wato ba zaka iya sanin yadi nawa yake samu a duk fita ɗaya ba, wanda shi ne ma'aunin da ya fi dacewa da mai ƙarancin dama. Wannan sai PFF, wato shafin Pro Football Focus, kuma can kuɗi ne. Akwai kuma makin AV da Drinen ya ƙirƙiro don auna darajar kakar mutum da lamba ɗaya, yana da daɗin musu in ana kwatanta tsofaffi, amma ga yaron da ke zaune a sifeshal tim kusan ba ya faɗin komai, kar ka ɓata lokacinka.

Kuɗin kwantiragi ma ba wurinsa ba ne, kuma gaskiya wannan na daga cikin manyan alamu. Wanda ba a zaɓa ba yana sa hannu na shekara uku, na diraf huɗu, kuma ƙungiyoyi na bambanta su da kuɗin da suka lamunce ko an kore shi. Yaron da aka lamunce wa kuɗi mai kauri to an yi takara a kansa ne, da wuya a sake shi haka kawai, ko bai shiga 53 ba za a nema masa wuri a tawagar atisaye mai mutum 16, inda za a iya ɗago shi ya buga wasa har sau uku a kaka ba tare da an ba shi kujera ba. Don wannan Over The Cap ko Spotrac zaka je.

Batun amfani da shi a waya, teburan suna da faɗi sosai, sai ka yi ta jan allo gefe kafin ka kai ƙarshe, in son samu ne kwamfuta ta fi, nan ne ma in ka ɗora linzami kan gajerun haruffan saman layi yake fassara maka su, abin da sabon shiga ke matuƙar buƙata. Tallace-tallace akwai su, da su suke rayuwa. Rubutu ne zalla babu bidiyo, kuma zaka iya kwashe tebur ka zuba a Excel ka yi naka lissafin. Turanci ne kaɗai. Binciken zurfi, irin ka ce a jero min duk risiba da suka yi kaza a shekararsu ta farko, yana cikin Stathead wanda ake biya duk wata, a da kyauta ne kafin su mayar da shi na kuɗi a 2020. Ga mai rubutu ko mai shirin rediyo zai iya cin kuɗinsa, ga ɗan kallo irina na kyautar ya wadatar.

In maki zan ba shi akan tarihin 'yan wasa, tara cikin goma ba musu. Akan wannan aikin na auna yaron da diraf ya tsallake kuwa, shida, kuma shidan nan duk daga Satumba take farawa. Kafin nan sai dai ka nemi wasan share fagen ka kalla da idonka, ka lura ko yana iya kufce wa mai tsaro a bakin layi, ko hannu yake sa wa ƙwallo ko ƙirji, ko yana tare wa abokinsa hanya in ba shi aka nufa ba. In an yanke jerin 53 ka ga sunansa ya tsira, bari a buga wasa huɗu ko biyar, sannan ka buɗe shafinsa ka wuce teburin cafewa kai tsaye ka gangara wajen ƙirgen shiga fili, ka duba layin sifeshal tim tukuna.